Inda Na Sa Bulus Ya Ajiye Mashin Ɗinsa

Kwana huɗu da barinmu Abuja muka sauka a Ikom, garin ƙarshe kafin iyakar Kamaru, kuma a nan ne muka fara saɓani ni da Bulus. Kafin nan babu abin da ya dame mu sai ruwan sama da masu kaki, waɗanda duk shingen da ka tsaya sai sun juya takardar mashin gaba da baya kamar suna neman sunan kakansu a ciki.

Shekarar da aka hana 'yan acaɓa shiga cikin gari ce. Mu da muke kwasar matan ma'aikata da kayan miyarsu daga Kasuwar Wuse, aka wayi gari mun zama abin kamawa. Aka koro mu Jiwa, can bayan gari, inda mashin ya fi fasinja yawa. Ana ta gina benaye, ana cewa ƙasa ta samu kuɗi, mu kuwa muna zaune a kan kujerar mashin muna korar ƙuda. Da wani ɗan garinmu ya aiko daga Duwala ta Kamaru cewa can acaɓa tana ci kuma babu mai korar kowa, ban yi dogon tunani ba.

Bulus mutumin kudancin Kaduna ne. Shekara takwas ya yi yana ɗaukar buhu a wata masana'anta a Idu, da aka rage ma'aikata ya tattara kuɗin sallamarsa kaf ya sayi mashin. Wata biyar kacal ya hau aka kafa dokar. Ko ledar da ke jikin kujerar bai yarda ya cire ba. Ba shi da gona, ba shi da shago, mashin ɗin nan shi ne abin da matarsa da 'ya'yansa uku suke ci. Ni kuma na daɗe a harkar har na riƙe shugabancin tasharmu, shi ya sa yake ce mini Ciyaman, ko da tashar ta watse.

A teburin wani mai shayi muka haɗu da direban babbar mota, Basakkwace, wandonsa ya bushe da jan laka har ƙugu. Ya ce kwana tara ya yi tsakanin Ekok da Mamfe, da zarar an ƙetare iyaka, tafiyar da a rani ake yi kafin shayi ya huce a ciki. Ya ce akwai ramin da mota ke shiga sai rufinta kake hangowa, kuma kowane rami da samarin ƙauyen da suka gitta gora suna jiran a biya su. Sai ya ce idan muna da hankali mu gangara Kalaba mu shiga jirgin ruwa, kwana ɗaya mu sauka a Limbe, daga nan kwalta ce har Duwala.

Ni dai tun bai rufe baki ba na yanke. Bulus kuwa ya ajiye kofinsa ya ce, "Ciyaman, wannan mota ne yake magana. Mu mashin ne. Inda mota ya maƙale, mu za mu bi gefe."

Na ce, "Gefen ina? Daji ne dama da hagu. Kulocinka zai ƙone, sarƙa ta tsinke, ka isa Duwala da gawar mashin."

Ya ce, "Idan ya faɗi a laka zan ɗaga shi. Idan ya faɗi a ruwa, wa zan kira? Ni ko iyo ban iya ba."

Wuni guda muka yi a kan maganar nan. Mu tashi mu yi shawagi a tasha mu tambayi wani, mu dawo mu sake zama. Wannan ya ce hanya, wancan ya ce jirgi, kowa da abin da yake son sayar mana. Gaskiyar magana, hujjar Bulus ba ta da rauni. Hanya mun san ta, duk lalacewarta ƙafarmu tana ƙasa, mabuɗi yana hannunmu. Jirgi kuwa sai ka miƙa abin hawanka ga mutanen da ba ka san su ba, su ɗaure shi yadda suka ga dama. Amma ni na ga laka a wandon direban nan, teku kuwa ban taɓa ganinta ba, don haka lakar ce ta fi ba ni tsoro.

Da na ga ba zai sauko ba sai na fito da abin da na san ba shi da amsarsa. Na ce, "Bulus, ni ɗan fadamar Haɗeja ne. Ubana mai fito ne, a cikin kwalekwale na yi rarrafe. Shanu na ƙetarar, balle mashin. Idan maganar ruwa ce, ka bar mini."

Ya daɗe yana murza mabuɗinsa a hannu. Sannan ya ce, "To, Ciyaman. Tunda kai ka san shi."

Kalaba ta karɓe mu da 'yan kamasho. Ba mu kashe mashin ba mutum shida suka kewaye mu. Wanda ya yi nasara a kanmu wani gajere ne mai jakar hannu da taye, ya kai mu wani ɗaki inda aka rataye hoton farin jirgin ƙarfe mai hawa uku, har da tuta. Ya buga hoton da biro ya ce wannan ne, akwai kujera, akwai fanka, mashin kuma da kansa zai hau ta kan gada. Ya yanka mana tikiti mai hatimi biyu. Ya ce a yau jirgin ba ya tashi daga babbar tasha saboda gyara, sai mu bi shi zuwa wata mashigar.

Abin da muka tarar a mashigar nan katon kwalekwalen katako ne, an lafta masa buhunan gari da jarkoki da katifu har ya nutse rabi, an kafa masa injina biyu a baya. Na juya neman gajeren nan, ko ƙurarsa babu. Na je wurin mai jirgin ina ɗaga tikiti ina tambayar ina farin jirgi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce farin jirgi ya yi wata biyu bai motsa ba, in zan shiga in shiga. Raina ya ɓaci. Mutum ya dube ka da furfurarka ya sayar maka da hoton bango.

Bulus ya ja ni gefe. Ya ce, "Ciyaman, mu koma Ikom. Abin da ya tafi ya tafi. Wannan ba jirgi ba ne."

Nan ne ya kamata in ji maganarsa, kuma na san haka tun a lokacin. Amma komawa Ikom na nufin in wuce ta gaban mai shayin nan da direban nan a matsayin wanda aka yi wa wayo. Na ce masa katako ya fi ƙarfe aminci a ruwa, ni na sani. Ƙarya nake yi, ban san komai a kai ba.

Kafin a ɗora mashinan suka ce sai an zuƙe man da ke tanki saboda gobara. Suka kawo tiyo da jarka. Ni na gane inda man zai tafi, don haka da aka zo kan nawa na murɗe makunnin mai, na girgiza tankin, na yi ta masifa cewa babu saura, har suka gaji suka ƙyale ni da ɗan abin da ya rage a ƙasa. Bulus kuwa ya tsaya tsakani da Allah aka tsotse nasa har ɗigon ƙarshe, shi ne ma ya karkata musu mashin ɗin. Ba mu bar bakin gaɓa ba na ga an juye jarkar a injin jirgin, a gaban idonmu, ko kunya babu.

Ba zan tsawaita kan tafiyar ruwan ba, don ba ni da abin alfahari a ciki. Muna fita daga cikin rafuka muka shiga teku sosai, ni ɗan mai fito ni na fara amai. Ruwan Haɗeja tafiya yake yi gaba, wannan kuwa sama yake yi ya dawo ƙasa, ba gaɓa ba bishiya. Na kwanta a kan buhun gari ina tuna matar da ke suyar masa a ƙofar kasuwa a Wuse, wadda take ajiye mini ta ƙasan kasko mai ƙauri, har ƙwalla ta zo mini. Bulus da bai iya iyo ba ya zauna daram, hannu ɗaya a kan igiyar da aka ɗaure mashin ɗinsa, ɗayan yana miƙo mini namijin goro. Bai yi mini dariya ba ko sau ɗaya. A haka muka kwana.

Da hantsi aka kashe inji. Ba Limbe ba ce, wannan ma ƙarya ce. Wani ƙauyen masunta ne kafin a kai can, babu gada babu komai, sai wani dutse da gajimare ya rufe kansa, da yashi baƙi ƙirin kamar an barbaɗa gawayi. Jirgin ya tsaya a ruwa iya gwiwa, wasu ƙarti suka sauko da mashinan a kan katako suka dire su a kan yashi mai tauri. Daga nan zuwa titi akwai tafiya: fili mai faɗi na jiƙaƙƙen yashi, sannan tudu na busasshen yashi mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa a ciki. Ƙartin suka ce sai mun sake biya kafin su haura mana da su tudun.

A nan na fashe. Duk abin da na haɗiye tun daga Kalaba na sauke a kansu. Na ce musu ɓarayi, da Hausa da broka, don kada wani ya ce bai ji ba. Na ce duk wanda ya sake taɓa mashin ɗinmu sai na karya masa hannu. Suka ɗaga kafaɗa suka koma kan wani kifaffen kwalekwale suka zauna. Na buɗe makunnin mai, na tayar da nawa, na ba shi wuta ina tura ƙafa dama da hagu har na haura da shi bakin titi, ina huci ina jin na gwada musu.

Na dawo muka kama na Bulus. Babu mai, ga kaya a bayansa, muna kai shi bakin busasshen yashin tayar gaba ta nutse. Muka ja da baya zuwa inda yake da tauri don mu sauke kayan mu sake gwadawa. Sai ga wani mai kaki yana busa usur daga tudu, yana cewa duk wanda ya sauko daga jirgin nan ya zo da takardunsa yanzu-yanzu, wanda ya makara ya kuka da kansa.

Bulus ya durƙusa ya dafa ƙasa. Ya ce, "Ciyaman, wurin nan a jiƙe yake. Ruwa ya taɓa zuwa nan."

Na dubi ruwan, yana can nesa, ya fi tsawon filin ƙwallo. Na dubi sama, tas take. Na ce, "Ambaliyar jiya ce ta janye. Ruwa ba ya tasowa haka kawai, sai an yi ruwan sama a tudu, kuma ko an yi sai ya kwana kafin ya iso. Dubi garin, ina hadari?" Abin da ubana ya koya mini ke nan, kuma a Haɗeja gaskiya ne. Na kafa mashin ɗin a kan jakinsa, na karya kan na kulle da hannuna saboda ƙartin nan, na jefa mabuɗin a aljihuna. Muka ɗauki jakunkuna muka haura.

Ofishin rumfar kwano ce a bayan wasu shaguna, ba a ganin teku daga ciki. Aka karɓe fasfo da katin rigakafi da takardun mashin, aka ce mu zauna a benci, oga ya fita cin abinci. Ogan nan ban san ko saniya guda aka yanka masa ba. Azahar ta yi, na yi salla a gefen benci. Duk wanda ya miƙa abu a cikin fasfo sai a kira shi ya wuce, mu da na rantse ba zan ƙara ba kowa ko sisi ba aka bar mu muna kallon bango.

Wata tsohuwa ta leƙo ƙofar, ɗaure da zani a ƙirji, tana warin hayaƙin kifi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta tambaya da broka wane ne mai mashin ɗin da ke ƙasa. Ta ce ruwa yana zuwa, a je a ɗauke shi. Na ji ta sarai, babu kalmar da ta ɓace mini. Bulus ya miƙe zumbur. Mai kakin da ke tsaron ƙofa ya ce duk wanda ya fita ba tare da takarda ba, shigar sata ya yi wa ƙasa. Ni kuma na kama rigar Bulus na zaunar da shi.

Na ce, "Dabara ce. Ƙartin nan ne suka turo ta don mu firgita mu biya su. Uwarsu ce ko gwaggonsu."

Na juya na ce wa matar ta je ta gaya wa 'ya'yanta ba su samu ba. Na faɗa da ƙarfi, har da nuna ta da yatsa, mace sa'ar uwata. Ta tsaya tana dubana, ta girgiza kai ta tafi. Can an jima ta sake dawowa, wannan karon ta taga. Ta dubi Bulus kawai. Shi kuma ya dube ni, ni kuma na kau da kai.

Sai bayan la'asar aka buga mana hatimi. Muna zagayo shagunan na tsaya cak. Filin nan duka babu shi. Ruwa ya zo har gindin tudu yana dukan busasshen yashi, yana komawa, yana sake dukansa. Babu hadari, babu ko ɗigon ruwan sama, rana tana nan fayau. Inda muka bar mashin babu komai sai kumfa.

Na ruga wurin ƙartin, suna nan a kan kwalekwalensu da suka jawo sama. Na shaƙe wuyan rigar babbansu ina tambayarsa yadda za su zauna suna kallo dukiyar mutum ta nutse. Ya cire hannuna a hankali. Ya ce, "Kai ka ce mu ɓarayi ne, wanda ya taɓa za ka karya shi. Duk da haka mun gwada da ruwan ya kai taya, ka kulle kan. Mami mai kifi ta je har sau biyu." Ya ce ruwan nan kullum haka yake, sau biyu yake zuwa sau biyu yake komawa, ko yaron goye a garin ya sani.

Har yau ina jin haushinsu. Mutum huɗu da suka sauko da shi daga jirgi a kan katako, da sun so da sun ɗaga shi cak, kulle ko ba kulle. Ina jin haushin gajeren Kalaba, da mai jirgi, da ogan da ya ci abinci na awa huɗu. Na yi shekaru ina jera su a raina ɗaya bayan ɗaya, kuma duk na jera sai na iske mabuɗin a aljihuna yake.

Bulus bai yi ihu ba. Ya zauna a kan yashi ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, yana kallon wurin. Tsohuwar nan da na zaga ita ce ta zo ta tashe mu, ta kai mu rumfar da take banda, ta ba mu kifi da gasasshiyar ayaba, ta shimfiɗa mana buhu. Na kasa haɗa ido da ita.

Da safe ruwan ya sake janyewa can nesa kamar bai yi komai ba. Muka sami mashin ɗin a kwance, nesa da inda muka bar shi, rabinsa a binne. Da hannu muka tone shi, ƙartin nan ma suka sa hannu ba tare da an roƙe su ba. Kujera ta tafi, fitila ta fashe, tanki ya lotse. Muka ɗora shi a motar kifi zuwa Limbe. Bakaniken da ya buɗe injin ya kira mu mu gani da idonmu: baƙin yashi cunkus har cikin fistin, wayoyi sun fara yin kore. Ya ce gishiri ba ya barin abin da ya shiga, ko an gyara wata biyu ba zai yi ba, gara a sayar wa masu kayan gwangwan.

Na ciro mabuɗin nawa na miƙa wa Bulus. Na ce ya riƙe, nasa ne. Ya ture hannuna ya ce, "Kai ma kana da yara, Ciyaman. Za mu raba, kai safe ni yamma." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya don in samu abin da zan mayar, ya ƙi.

Kusa da garejin akwai mai wayar haya a ƙarƙashin lema. Bulus ya ce zai kira gida. A Jiwa gida ɗaya muke haya, ɗakinsa yana kallon nawa, kuma da za mu taho matarsa Ladi da matata Hajara suka haɗa tukunya don abin da muka bari ya kai su. Wayar ma ɗaya ce, ta Hajara, ita za ta ɗauka ta miƙa. Na tsaya a bayansa ina jin muryar Ladi tana fitowa siririya, tana tambayar hanya, tana tambayar mashin.

Ya ce, "Mun iso lafiya. Amma mashin ya shiga ruwa, ya lalace." Sai na ji ta fara kuka tana tambayar garin yaya. Ya ce, "Ni ne na ajiye shi a wurin da bai kamata ba. Ciyaman ya tafi wajen takarda, bai gani ba."

Tsakanina da wayar nan taku ɗaya ne. Ina iya miƙa hannu in karɓa in ce Ladi, ba haka aka yi ba. Na tuna tukunyar nan guda ɗaya, da yara bakwai da ke zagaye ta, da abin da zai faru a tsakar gidan idan ta san wanda ya kulle kan mashin ɗin. Na gaya wa kaina saboda su ne. Wataƙila saboda su ne, wataƙila kuma tsoro ne kawai. Ya gama magana ya miƙo mini, Hajara tana kan layi tana cewa Allah ya kiyaye gaba, ai shi Baban Rahila, wato Bulus, da ma akwai sakaci. Na ce mata amin.